Malam Jabbi Ya Zauna a Gaban Jirgi

A duk shekarun da na yi a shagon nan, ranar da ta ƙi barin raina ita ce ranar da na kayar da jirgin alhazai a gaban tsohon da ake lallaɓawa ya je Makka. Ku daina dariya, ku da kuka zo daga baya. Kullum kuna ƙorafi wai ina ɓata wa masu saye lokaci da tambayoyi, to ku gyara zama ku ji inda na samo halin.

A lokacin mu biyu ne a shagon. Akwai maigida, Malam Attahiru, wanda ya kafa wurin, shi ke ciniki kuma shi ke yanke magana. Sai ni, Nura, mai haɗa na'ura. Aikina shi ne in duba kwamfutar mai saye in ga ko za ta ɗauki abin da yake so, in sauke masa daga intanet, in gwada a gabansa kafin ya tafi. Yawancin masu zuwa mana ɗaliban jami'a ne daga wajen Kwalkwalawa, kuma ba abin da suke nema sai wasan ƙwallo.

Wasan da nake magana a kai na koyon tuƙin jirgin sama ne, ba irin na harbe-harbe ba. Za ka zauna a kujerar matuƙi, ga maɓallai da agoguna a gabanka kamar na gaske, ka tayar da inji, ka hau titi, ka tashi. Ƙasar da kake gani a ƙarƙashinka kuwa daga hotunan tauraron ɗan'adam aka gina ta. Samfuri uku yake zuwa: ƙarami, matsakaici da babba. Duniyar da ke cikinsu ɗaya ce. Bambancin kawai yawan jiragen da za a ba ka, da wasu filayen jirage na ƙasashen waje da aka ƙawata sosai. Babban ya fi tsada nesa ba kusa ba, ya fi cin wuri a kwamfuta, kuma da irin intanet ɗinmu na nan sai ka yi kwanaki kana sauke shi. A kwamfutar gwaji ta shago babban muka sa, don mu iya nuna wa mutum komai.

Wata safiya wani mutum ya shigo, farar shadda, furfura ta fara tsiro masa a gemu, da ganinsa ka ga ma'aikacin gwamnati. Ya ce sunansa Malam Dikko. Ko zama bai yi ba ya ce, "An ce kuna da wasan jirgi. Wanne ya fi girma? Shi za ku sa mani. Kwamfutar tana cikin mota."

Ni tuni na miƙe. Mai sayen da bai tambayi farashi ba ai ba kullum yake shigowa ba. Har na kai bakin ƙofa zan ɗauko kwamfutar sai na ji muryar maigida daga bayan kanta, tabaransa a kan karan hanci, yana kwance wata na'ura.

"Ranka ya daɗe, wa zai zauna a gabansa?"

Wannan ita ce tambayarsa ta kullum. Wallahi ko linzamin kwamfuta ka zo saye sai ya tambaye ka hannun wa zai riƙe.

Malam Dikko ya ce, "Na gida ne."

"Yara?"

"A'a."

Can maigida ya ajiye sukundireba, ya ja shi zuwa bencin da ke cikin shago, ya ce in kawo ruwan sanyi. Da na kawo ban koma wurina ba, na tsaya ina goge allon da ba shi da datti.

Ashe don mahaifinsa ne. Malam Jabbi, tsohon falken hatsi a Ƙofar Kware, ya haura saba'in. Sa'o'insa duk alhazai ne. Shi da kansa ya biya wa matarsa ta je, ya biya wa ƙannensa suka je, amma shi har ranar Malam ake ce masa. Malam Dikko ya biya masa kujera, shekara biyu a jere tsohon yana cewa a bari tukuna. A wannan shekarar gwiwa ta fara ba shi wahala, likita ya ce in za a je a je yanzu, don gaba ba lallai ƙafar ta ɗauki ɗawafi ba. Ga shi an kusa rufe karɓar takardu, kuma sai mutum ya je da kansa. Autarsu, wadda ita kaɗai ke iya tsokanar tsohon, ita ta gano cewa jirgin ne ba ya so. Wani abokin aikin Malam Dikko ya ba shi shawarar wasan, wai ko in Baba ya ga yadda abin yake zai sake.

Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce, "To ka zaunar da shi ka yi masa magana mana."

Su biyun suka juyo suka kalle ni kamar na yi tusa a masallaci. Maigida ya ce, "Nura, ba ka ji sunansa ba? Ɗan fari ne."

Ku da kuka tashi da waya a hannu wataƙila sai an yi muku bayani. A gidaje irin nasu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya hira da shi ido da ido. Dikkon ma ba sunan yanka ba ne, laƙabi ne. In akwai magana tsakaninsu sai ta bi ta bakin wani. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma sau da yawa ɗan farin nan shi ne aka fi so. To mutumin da ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, ta ina zai dube shi ya ce, "Baba, tsoro kake ji"?

Maigida ya tambaye shi dalilin da ya sa lallai sai babban samfuri. Ya ce, "Malam, ba zan iya kai wa Baba ƙaramin abu ba. In ya ji akwai babba na ɗauko masa ƙarami, da wane ido zan shiga gidan?"

Maigida ya gyaɗa kai. Ya tambaye shi sana'ar tsohon, da yadda yake ciniki, da lokacin da yake zama a zaure. Sannan ya ce, "Yau dai ba zan sayar maka da komai ba. Ka nema mana izini mu je mu gaishe shi."

Kai! Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Da mutumin ya fita na ce, "Oga, ciniki ya shigo da ƙafarsa ka kore shi." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce in duba kwamfutar da mutumin ya bar mana in faɗa masa abin da za ta iya ɗauka. Na duba. Za ta ɗauki ƙaramin cikin sauƙi, babban kuwa sai ta yi nishi.

Washegari bayan la'asar muka hau babur zuwa Ƙofar Kware, maigida da ƙullin goro a aljihu. Muka tarar da tsohon a zaure a kan buzu, dogo, siriri, ƙafa ɗaya a miƙe saboda gwiwar, rediyo a gefensa. Maigida ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, aka yi gaisuwa doguwa har aka gano cewa kakan maigida ya taɓa sayen gero a rumfarsu. Sai da aka ci goro sannan ya kawo maganar.

Tsohon ya ɗaure fuska. "Wasa? Ni da hurhurata za a kawo ma wasa?"

Maigida ya ce, "Ba wasa na kawo maka ba, Baba, ciniki na kawo. Ɗanka zai sayi kaya a hannuna. Kayan iri uku ne, farashi uku. An kuwa faɗa mani ba a taɓa shigo da buhu gidan nan ba ka zura hannu har ƙasa ba. Ba na so in zama na farkon da zai sayar wa gidan Malam Jabbi abin da bai duba ba."

Na ga fuskar tsohon ta saki. Ya ce, "Wanga gaskiya na. Saman buhu kowa na iya gyara shi." Daga nan hira ta ɓalle, ya shiga ba mu labarin zamanin da yake loda hatsi a manyan motoci zuwa Illela.

"Ni ban taɓa hawa bisa kaya ba," in ji shi. "Gaba nike zama, kusa ga direba. Kuma ba hanya nike kallo ba, hannunai nike kallo. Kahin mu kai Kware na san ko za ni ƙarasa tahiya da shi ko in sauka in jira wata mota. Sau nawa nis sauka! Amma a ce an kulle direba can cikin ɗaki, ba ka ganinai, kai kana baya an ɗaure ka kamar buhu..."

Bai ƙarasa ba. Ya miƙa hannu ya murɗa rediyo. Kalmar jirgi ba ta fito daga bakinsa ba, maigida ma bai furta ta ba. Amma kafin mu tashi ya yarda zai zo shago ya duba kayan.

A hanyar dawowa maigida ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji labarin mota."

Ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Ba sama yake tsoro ba, hannun direba yake so ya gani. Gobe ka sauko da sitiyarin nan na saman kanta, ka haɗa, ka koyi tuƙa babban jirgin fasinja."

Sitiyarin wani abin tuƙi ne irin na jirgi, mai hannu biyu, da abin ƙara wuta a gefe. Ya daɗe a shagon ba wanda ya taya. Na haɗa shi, na duƙufa. Na iya tashi, na iya miƙewa, sauka kuwa wata rana lafiya, wata rana sai a hankali. Har matata ta fara tambaya ko Makkan ni zan je.

Ranar gwaji maigida ya sallami ɗalibai tun da azahar, ya sa aka cika janareto da mai. Sannan ya yi wani abu da ban gane ba sai daga baya: ya ɗauko kujera mai hannu ya ajiye a damata, daf da ni, daidai inda mai kaya yake zama a gaban mota. Malam Dikko ya kawo tsohon bayan la'asar. Ya rako shi har ciki, sannan ya koma bakin ƙofa ya tsaya, don ba zai zauna inda ubansa yake zaune ba.

Tsohon bai kalli allo ba. Ya shafa sitiyarin, ya murza shi hagu da dama, sannan ya ce mani, "Miƙo hannunka." Na miƙa. Ya juya shi ciki da baya kamar mai duba akuya a kasuwa.

"Hannun mai danna waya," in ji shi. "To, mu gani."

Maigida ya ce mu fara da ɗan ƙaramin jirgi daga filinmu na nan Sakkwato. Na tayar, muka gudu a titi, muka ɗaga. Tsohon ya damƙe hannun kujera. Ba a jima ba na ga ya matso da fuskarsa.

"Tsaya. Wancan ba gulbi ba na?"

"Shi ne, Baba."

"To wagga hwadamar Wamakko ta! Ikon Allah. Juya, juya, bi hanyar Kware."

Na juya. Ya shiga kiran sunayen ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, inda ake samun gero mai kyau, inda ake cuɗa shi da yashi, inda mota ta taɓa kafe musu da damina. Wani wurin ni ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo, amma shi ya san garin har da mai awonsa. Na waiga na ga Malam Dikko yana murmushi a bakin ƙofa.

Ganin ya sake, na ce bari in nuna masa kayan babban samfurin. Na fito da jirage masu sheƙi, na attajirai, na kai shi wani filin jirgi na Turai mai gilasai da fitilu. Ina ta zuba bayani. Ya bar ni na gama tsaf.

"Wanga dut saman buhu na," in ji shi. Ya juya ga maigida. "Ƙasar da munka gani ɗazu, tana cikin ukun?"

"Tana ciki, Baba. Ƙasa ɗaya ce."

"Gulbin da hanyar?"

"Duka."

"To mi babban yah hi ƙaramin da shi?"

"Yawan jirage, da adon filayen da ba na jin za ka je."

Tsohon ya ci gaba da tauna goro. Sannan, kamar mai tambayar kuɗin gishiri, ya ce, "Irin wanda ka ɗaukar alhazai hwa?"

"Akwai irinsa har a cikin ƙaramin."

"Hau shi."

Na hau. Na saita tafiya daga Sakkwato zuwa Jidda. Ɗakin matuƙi ya bayyana, maɓallai sama da ƙasa. Na tayar da injin hagu, na tayar da na dama, ina faɗa masa abin da kowanne yake yi. Muka tashi lafiya. Duk tsawon tashin nan idonsa bai je kan allo ba, yana kan hannuna. Wasan yana da hanyar tsallake tsakiyar tafiya, sai na tsallake, muka fito a kan Bahar Maliya, ruwa gaba ruwa baya.

Can tsohon ya ce, "In injin yam mutu hwa?"

Na ga Malam Dikko daga bakin ƙofa yana girgiza wa maigida kai, yana roƙonsa da ido. Ni ma na buɗe baki zan ce ai ba ya mutuwa. Maigida ya riga ni.

"Nura, kashe na dama."

Na yi ƙasa da murya. "Oga, wannan ban taɓa gwada shi ba."

"Kashe."

Na kashe. Innalillahi! Ƙararrawa ta ɗauka, fitilu suka yi ja, jirgin ya fara ja dama. Zufa ta keto mani har cikin ido. Na riƙe shi da ƙarfin tsiya, yana ja ina ja. Abin mamaki bai faɗo ba, ya ci gaba da tafiya da inji ɗaya har muka ƙetare ruwan, gaɓa ta bayyana, na hango titin sauka. Na ce a raina Allah ka rufa asiri. Amma na shigo a karkace, na yi ƙasa da yawa, na fizgi sitiyari don in gyara, fiffike ya daki ƙasa. Allo ya yi baƙi.

Ba abin da ake ji sai ƙarar janareto. Na kalli bakin ƙofa na ga Malam Dikko ya sunkuyar da kai, ya dafa bango. Kujerar da ya biya, shekara biyun da ya yi yana jira, duk na zubar masa da su a gefen titin Jidda. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Haushin maigida kuwa ya cika mani ciki, na ce wane irin mutum ne wannan da zai rusa abin da ya gina da hannunsa.

Tsohon ya ce, "Mun mutu?"

Maigida ya ce, "A wasan kun mutu, Baba. Ba zan ɓoye maka ba. Ka ce za ka zura hannu har ƙasan buhu, to ga ƙasan. Nura mai gyaran kwamfuta ne, kwanan nan ya fara riƙe sitiyari. Amma ka ga da inji ɗaya ya ƙetare da ku ruwa."

"Na gani. Na gasken hwa, ina sunka koya?"

"Su ma a ɗaki suke farawa, a na'ura irin wannan amma babba, mai motsi. Ana kashe musu inji da gangan, su faɗi, a tayar, a sake kashewa. Ba a ba su mutum ko ɗaya su ɗauka sai hannu ya zauna. Ko sun tsufa a aikin, lokaci-lokaci ana mayar da su ɗakin a sake gwada su."

Tsohon ya daɗe yana kallon baƙin allon. Sannan ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ashe su cikin ɗaki su ka hwaɗuwa kahin su ɗauki mutane. Namu direbobin bisa hanya sunka koya, da mu a ciki."

Ya gyara zama, ya tura hularsa baya. "Tada shi. A sake. Kuma kashe injin."

Muka sake, muka sake faɗuwa, ya yi dariya har da tari. Da muka kuma tashi sai na ji hannunsa a kan nawa, busasshe, mai nauyi. Ya ce, "Bar kokawa da shi. Mota in ta ja gehe ba a hizgarta, lallashinta a kai." Ban san ko maganarsa ce ko hannuna ne ya fara sabawa ba, amma daf da magariba muka dira a titin, jirgin ya yi tsalle, ya sake dira, ya yi ta gudu har ya tsaya. Tsohon ya ce, "Alhamdu lillahi," da irin muryar da mutum yake faɗa in ya sauka daga mota.

Maigida ya ce, "To Baba, ka duba kaya. Wanne za a ba shi?"

"Ƙaramin. Da wanga sitiyari." Ya nuna bakin ƙofa da haɓa, ba tare da ya waiga ba. "Wancan, in an bar shi, kasuwar dut za ya kwashe."

Kun ga abin da maigida ya yi? Da Malam Dikko ne ya ɗauki ƙaramin, da ya ji kunya har abada. Yanzu kuwa tsohon ne ya zaɓa da bakinsa, a matsayinsa na wanda ya fi kowa sanin kaya.

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe. Har ya kai tsakiyar shago sai ya tsaya, ya dubi maigida, alhali ɗan nasa yana tsaye taku kaɗan daga gare shi. Ya ce, "Malam Attahiru, ka ce ma wancan ya zo da mota gobe da sahe. A kai takardun."

Maigida ya juya da fuskarsa a natse, ya ce, "Malam Dikko, Baba ya ce ka zo da mota gobe da safe."

Malam Dikko ya durƙusa ya ce, "To."

Na sauke musu ƙaramin samfurin, na kai na haɗa a zauren Ƙofar Kware. Kafin tafiyar zauren ya koma tasha. Tsofaffin direbobi da 'yan kasuwar hatsi suna taruwa bayan la'asar, kowa yana so a bi da shi ta saman garinsu, tsohon yana kujerar dama yana ba da umarni. In abin ya rikice a kira ni. Da na shigo zai ce, "Ga direban da yak kashe ni."

Ya je, ya sauke farali, ya dawo lafiya. Bayan an gama zuwa yi masa barka, wata rana sai ga shi a shago da ledar dabino da 'yar robar zamzam, Malam Dikko a bayansa, a bakin ƙofa kamar kullum. Muka ce, "Alhaji, barka da sauka." Ya yi kamar bai ji daɗin sunan ba, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

Maigida ya tambaye shi hanya. Ya ce da suka sauka ya ƙi tashi sai da kowa ya fita. Da ya zo bakin ƙofa ya tarar an buɗe ɗakin, matuƙin yana tsaye yana sallamar mutane. Ya miƙa masa hannu, da mutumin ya ba shi nasa sai ya riƙe, ya juya shi ciki da baya. Ba mai jin yaren wani, matuƙin yana ta dariya.

"Hannunai ba shi rawa," in ji shi. Ya harare ni. "Ba irin na wasu ba."

Muka yi dariya. Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a daidai wurin da ya tsaya wancan karon. Ya dubi maigida, wannan karon ba wasa a fuskarsa.

"Ka ce ma wancan, na ga Ka'aba da idona. Ka ce mai Allah shi yi mai albarka."

Maigida ya juya zai isar da saƙo, amma babu kowa a bakin ƙofa. Na leƙa na hango Malam Dikko a cikin motarsa, ya kifa kai a kan sitiyari, kafaɗunsa suna motsi. Tsohon ma ya hango shi. Sai ya koma ya zauna a benci, ya ce a ba shi ruwa, wai gwiwar ce ta motsa. Bai tashi ba sai da ɗan nasa ya share fuska ya zagayo ya buɗe masa ƙofa.

Malam Attahiru yanzu ya bar mani shagon, yana gonarsa a Wamakko. Na yi aiki da masu kuɗin da suka fi shi, na ga masu ilimin kwamfutar da suka fi shi, amma ban ga wanda ya kai shi sanin mutane ba. A wurinsa na koyi cewa wanda ya shigo da kuɗi ba lallai shi ne mai kayan ba, kuma in mai saye ya nemi ganin ƙasan buhu a nuna masa, ko da jirgi zai faɗi. Don haka gobe in wani ya shigo ya ce a ba shi wanda ya fi girma, kada in ga ɗayanku ya ruga ɗauko kwamfuta daga mota. Ku ba shi wurin zama, ku kawo ruwa, ku tambaye shi wa zai zauna a gabansa.